Ɗakin da Ba Shi da Taga

Tun ranar da suka shiga ofishin shirya tafiye-tafiye na bakin kasuwar garin Husum ya kamata wani ya ja Detlef gefe ya ce masa, dabarar nan da kake ƙullawa a ranka za ta juyo ta cije ka. Babu wanda ya gaya masa, domin shi ma bai gaya wa kowa abin da yake ƙullawa ba, har matarsa Marlis da ke zaune kusa da shi tana riƙe da jakarta a cinya.

Aurensu ne ya cika shekara ashirin da biyar, dangi da abokan aikinsa na garejin gyaran bas suka haɗa musu kuɗin yawo a jirgin ruwa, su biyu da 'yarsu Imke. Matar ofishin ta juyo musu da allon kwamfutarta ta ce abin da ke hannunsu zai ishe su ɗayan biyu. Ko dai sati ɗaya a mashigan ruwan Norway, a ɗaki mai baranda can sama, ko kuma sati biyu har ƙarshen ƙasar ta arewa, inda rana ba ta faɗuwa a wannan lokacin, amma a ɗakin ciki na can ƙasa, wanda ko taga ba shi da ita.

Marlis ba ta ɓata lokaci ba, ta ɗora yatsa a kan hoton barandar. Kujeru biyu ne da ɗan tebur, sai shingen gilashi da ya ɗara ƙugun mutum kaɗan, bayan shingen kuma babu komai sai iska da ruwa. Detlef ya dubi hoton, idonsa ya tsaya a kan shingen. Sai ya gyara murya ya shiga bayani irin na mai tattali: wa zai je teku ya zauna a ɗaki, barci kawai za a yi a cikinsa, mutum mai hankali ba ya sayar da sati guda don kujeru biyu.

"Ka ji shi ko?" in ji Marlis, tana duban matar ofishin. "Shekara ashirin da biyar ina fama. Ko burodi zai saya sai ya gwada tsawonsa da na kusa da shi."

Suka juya ga Imke. Tana bakin ƙofa tana jujjuya takardun talla ba tare da ta karanta ba. Ta ce duk wanda Papa ya zaɓa ya yi.

Imke shekararta ashirin. A watan Fabrairu aka kira Detlef a waya yana kwance ƙarƙashin wata bas, aka ce ya zo Hamburg maza, 'yarsa tana asibiti, ta yi yunƙurin raba kanta da duniya a ɗakinta na makaranta. Bai san yadda ya tuƙa motar ba, ya dai tuna ya isa da baƙin mai a hannu, wata nas ta nuna masa inda zai wanke. Ta yi makonni a can kafin ta dawo gida. Likitarta ta ce tafiyar za ta yi mata amfani, ta kuma dubi Detlef musamman ta ce ya bar yarinyar ta numfasa. Ya gyaɗa kai. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai gabansa ya faɗi, kuma shi baranda ya gani, wadda ƙofarta ke taku biyu daga gadon 'yarsa. Don haka ya zaɓi sati biyu, ya fito daga ofishin yana jin ya yi wayo.

Wayon bai kai awa ɗaya a cikin jirgi ba. Da suka shiga a tashar jiragen ruwa ta Kiel, suka ajiye kaya, suka hau sama don ganin yadda za a bar tasha, sai Detlef ya tsaya cak. Ashe jirgin gaba ɗayansa baranda ne. Shinge ta gaba, shinge ta baya, shinge a kowane hawa da ke buɗe, mutane sun jingina da shi suna ɗaga wa na ƙasa hannu, wasu har da yara a kafaɗa. Ya guje wa ƙofa ɗaya, ya sayo wa kansa sati biyu na wannan. Ana kiɗa, ana busa ƙahon jirgi, shi kuwa idonsa na kan hannun Imke da ta ɗora a kan ƙarfen.

Daga ranar ya zama inuwarta. In ta ce za ta ɗauko kofi, shi ma ƙishirwa ta kama shi. In ta ce za ta zaga saman jirgi, sai ya tuna likita ya ce ya riƙa motsa ƙafa. A garuruwan da jirgin ya tsaya yana samun sauƙi, domin ƙasa ƙasa ce, amma da zarar an janye tsani an koma ruwa sai ya koma gadinta. Imke ta fara kiransa dogarinta. Wata rana ta tsaya a ƙofar bayin mata ta ce, "Bismillah mana, Papa, ko a nan za ka jira?" Marlis ta yi dariya, shi ma ya yi irin tasa.

Ɗakin nasu kuwa kamar akwati yake. Gado biyu a ƙasa, na Imke a sama ana saukar da shi daga bango, labule a jikin bangon da babu komai a bayansa. Da an kashe fitila duhu ne wanda ba ka ganin tafin hannunka, babu safiya babu yamma, sai gunjin inji daga ƙarƙashi. Detlef ya zaɓi gadon da ke kusa da ƙofa. Ba ya barcin kirki, yana kwance yana sauraron numfashinta, in ta juya ya buɗe ido.

A ɗakin cin abinci kowa da teburinsa har a gama tafiya, su kuma aka haɗa su da wata tsohuwa, Frau Lornsen, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da son teku. Tana sanye da na'urar ji a kunne ɗaya, tana magana da ƙarfi, tana kiran masu kawo abinci da sunayensu. Ta ɗauki Imke tun ranar farko. Ita kaɗai ce ba ta yi wa yarinyar magana a hankali kamar mai lallaɓa ƙwai, domin ba ta san komai ba. Takan ce mata ta ci kifin nan, ta rame kamar sandar tuta, Imke kuma sai ta ci.

Ranar da aka cika sati, ana cikin cin dankali da kifi mai hayaƙi, tsohuwar ta tambayi inda ɗakinsu yake. Da ta ji, sai ta ajiye cokali ta ce wannan ai zalunci ne, a kawo yarinya ƙasar da rana ba ta faɗuwa a rufe ta a rumbu. Ita tana da baranda a hawa na tara, da safe rana tana faɗowa a kanta sosai, ita kuwa ba ta zama, tana wurin karta da ƙawayenta. Imke ta zo duk lokacin da take so.

"A'a," in ji Detlef.

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, har na teburin kusa suka waiwayo. Ya yi ƙoƙarin gyarawa, ya ce ba sa son takura wa mutane, amma ya riga ya ga fuskar Imke. Ta gama abincinta, ta tsaya ta taimaka wa Frau Lornsen ta miƙe ta ɗauki sandarta, sannan ta biyo su. Sai da suka shiga dogon lungun da ke kai wa ɗakinsu ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Ashe ba don sati biyun ba ne."

"Don shi ne mana. Tambayi mamanki, ni marowaci ne."

"Papa, kai fa ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ke yin ja."

Marlis ta buɗe ƙofa ta shige ba ta ko nuna mamaki ba, a nan Detlef ya gane ita ma ta daɗe da sani. Suka kwanta. Ya yi niyyar kwana a farke kamar kullum, amma jiki ba ƙarfe ba ne, bashin barcin sati guda ya taso masa gaba ɗaya.

Da ya farka duhu ne kamar yadda ya bar shi, ya ɗauka yanzu ya rufe ido. Marlis tana jan numfashinta a hankali. Ya kasa kunne sama. Inji kawai yake ji. Ya lalubo wayarsa, hasken ya buge masa ido, ya ga sha ɗaya saura na safe. Ya miƙe ya kunna fitila. Gadon sama babu kowa, an ninke bargo, wayar Imke tana kan matashi. Ta wuce ta gefen kansa ta buɗe ƙofa bai ji ba. Kuma ranar babu tasha, tun jiya aka sanar jirgi zai yini a tsakiyar ruwa.

Ya sa wando a kan kayan barcinsa. Marlis tana cewa wataƙila tana wurin karin kumallo, amma ita ma a gurguje take sa rigarta. Suka rabu, ita ta nufi wuraren cin abinci, shi ya hau sama. Iska mai sanyi ta mare shi. Rana tana nan tas, teku shimfiɗe ta ko'ina, babu tudu babu wani jirgi. Mutane suna kwance a kujeru cikin barguna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa fuskokinsu, wata mata ta ja bargonta ta harare shi. Ya duba wurin wanka, ɗakin karatu, shagunan, ya ƙwanƙwasa bayin mata ya kira sunanta. A bayan jirgi ya tsaya. Bai so ya duba ba, amma ya duba. Farin kumfa ya miƙe a bayansu kamar hanya har inda ido ya ƙare, kuma jirgin tafiya yake ba ya jiran kowa.

A teburin karɓar baƙi saurayin da ke wurin ya yi masa murmushi, ya ce jirgin babba ne, kullum ana samun wanda ya ɓace wa iyalinsa, ya ɗan ƙara jira. Detlef ya buɗe baki, kalmar da bai taɓa furtawa ba tun Fabrairu ta ƙi fitowa. Ko abokan aikinsa ce musu ya yi ciwon huhu Imke ta yi. Marlis ce ta iso tana haki, ta dafa teburin ta faɗa, a fili, da sunan abin. Murmushin saurayin ya ɗauke. Ya ɗauki waya.

Aka shigar da su wani ɗan ɗaki, shugabar masu tsaron jirgin ta zo, mace doguwa mai furfura a gefen kai. Ba ta lallashe su ba, tambayoyi ta yi: me Imke take sanye da shi, yaushe suka gan ta ƙarshe, ta sha maganinta, an yi faɗa jiya. Detlef ya ce ba a yi faɗa ba, sannan ya ce an yi. Ta bayyana musu yadda abin yake tafiya. Za a kira sunan Imke a lasifika, ma'aikata za su bi jirgin hawa-hawa, wasu kuma sun fara duba hotunan kyamarorin da ke kallon gefen jirgi tun daga asuba. In aka kira ba ta amsa ba kuma ba a gan ta ba, za ta sanar da kyaftin, shi zai yanke ko a juya.

Ya ji sunan 'yarsa ya fito daga rufin ɗakin, da Jamusanci sannan da Turanci, cikin muryar da ake sanar da lokacin shan kofi. Aka jira. Wayar da ke kan tebur ba ta yi ƙara ba. Aka sake kira. Detlef yana zaune yana lissafin da bai so ya yi ba, irin na mai gyaran mota: gudun jirgi kaza, awa kaza tun asuba, ruwa mai sanyin da zai sandarar da ƙato cikin 'yan mintoci. In ma an juya, me za a je a tarar? Da ya zaɓi sati ɗayan nan, da yau suna Kiel suna neman inda suka ajiye mota. Ya ji kamar ƙarar injin ta canja a ƙarƙashin ƙafarsa, ya kasa tambaya.

"Tsohuwar nan," in ji Marlis a hankali. "Jiya Imke ta tsaya tana taimaka mata ta tashi. Sun daɗe."

Suka same ta a babban falo, a teburin karta da wasu tsofaffi uku, na'urar kunnenta tana ajiye kusa da kofinta domin ta ce kiɗan falon yana damunta. Sai da Marlis ta taɓa kafaɗarta ta ɗago. Ta mayar da na'urar, ta saurara, ta ce to ai yarinyar tana wurinta, jiya ta roƙe ta katin ƙofa na biyu ta ba ta, da safen nan ma ta bar ta a baranda. Me ya faru, kowa ya yi fari haka? Ta dubi Detlef ta ce, "Herr Detlef, wannan wandon barci ne ke leƙowa?"

Bai tsaya jiran lif ba. Ya hau matakala yana tuntuɓe, shugabar tsaron tana biye da shi, ita ta sa katinta ta buɗe ɗakin. Haske ya cika shi ta ko'ina. Gadon a gyare, babu kowa. Ƙofar barandar a rufe take, mai nauyi irin wadda ba ta barin ƙara ta shiga ko ta fita, ta cikin gilashin kuma abin da ya fara gani shi ne takalman Imke, an jera su gefe da gefe, da kujera ɗaya da aka tura har ta manne da shingen. Kujerar babu kowa a kai.

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Shugabar tsaron ce ta wuce shi ta ja ƙofar, ta leƙa, ta tsaya, sannan ta juyo ta ce masa ya zo. Ta fita lungu tana magana a rediyonta.

Imke tana zaune a ƙasa, a kusurwar da labule ya ɓoye, ta jingina da bango, ta lulluɓa da bargon tsohuwar har wuya, rana a fuskarta. Ta buɗe ido ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka yi barci?"

Ya sulale ya zauna a bakin ƙofar, rabin jikinsa a ɗaki rabi a waje.

"Na ga yau ne kawai ka yi na gaske, shi ya sa ban tashe ka ba. Har minshari kake, kamar bas ɗinku mai tsohon inji."

Ya gaya mata an kira sunanta a duk jirgin, ana shirin juyawa. Ta rufe fuska da bargo ta ce wayyo, yanzu kowa ya san ta. Ya ce shi da mamanta suka faɗa musu, komai da komai, babu yadda za su yi. Idonsa ya koma kan kujerar. Raɓar gishiri ta kwanta a kan mazauninta, a tsakiya kuma akwai wani wuri da ya goge, mai ɗan tsawo. Zai iya zama sawun ƙafa. Zai iya zama inda gefen bargo ya shafa.

"Tambaye ni mana, Papa. Tun Fabrairu kake bi na, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni komai ba sai ko na ci abinci."

"Me kika zo yi nan?"

"Na zo in zauna da shi ni kaɗai, in gani." Ta nuna tekun da haɓa. "In kana tsaye a bayana ba zan taɓa sani ba."

"To me kika gani?"

"Ga ni zaune."

Ya jira ta ƙara, ba ta ƙara ba. Marlis ta iso da Frau Lornsen a hannunta. An riga an gaya wa tsohuwar a hanya, duk surutunta ya ɗauke, tana ta cewa da ta sani, da ta sani. Marlis ta durƙusa ta rungume 'yarta tana yi mata faɗa a kan barin waya, tana kuka tana gyara mata gashi. Imke ta zaro katin daga cikin bargo, amma ba tsohuwar ta miƙa wa ba, Detlef ta miƙa wa. Ta ce tana son ta riƙa zuwa kullum da safe, awa ɗaya, ita kaɗai, in Frau Lornsen ta yarda. In shi bai yarda ba ya riƙe, ba za ta sake ɗaukowa a ɓoye ba.

Tsohuwar ta ce ita ba ta da ta cewa, maganar uba ce. Marlis ta dube shi, ta ƙi taimaka masa ko da da ido.

Katin bai fi tafin hannunsa ba. Ya juya shi, ya dubi shingen da ya ɗara ƙugu kaɗan, ya tuna akwatin da ke can ƙasa da labulensa na ƙarya, ya tuna cewa yana bakin ƙofa ta wuce shi. Ya ce to za ta riƙa tashinsa kafin ta fita, ko barcin mutuwa yake, kuma in ta gama ta same shi a wurin kofi. Ta ce ta ji. Ya miƙa mata, sai da ta ɗan ja kafin yatsunsa su saki.

Washegari da safe ta taɓa kafaɗarsa a cikin duhu ta ce ta tafi. Ya hau wurin kofi ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, ya ajiye agogonsa a kan tebur, kofin ya huce a gabansa. Saura kusan sati guda kafin su ga Kiel. Bai tambaye ta batun kujerar ba, ita ma ba ta ce komai a kai ba, kuma har yanzu bai san ko ta taka ta ba. Bai kuma san ko daidai ya yi da ya mayar mata da katin ba.